KAFIN KA CANZA REDIYON MOTARKA

Kowace shekara da zarar kaka ta yi, aka sussuke masara da dawa da waken soya, motoci suka shiga jigilar buhuna zuwa kasuwannin Dandume da Bakori da Funtua, akwai waɗansu masu sana'a da kasuwarsu takan buɗe alhali ba su taka gona ba. Su ne masu sayar da kayan sauti na mota, da masu riwaya da ke ɗaura su. Manomin da ya sayar da amfaninsa, da direban Golf da ya sami lodi, da ma'aikacin da aka biya shi bashin albashi, kowa so yake a ji motarsa tun daga nesa. Amma kafin damina ta zagayo sai ka tarar wannan lasifikarsa ta fashe, wancan batirinsa ya mutu, wani kuwa hayaƙi ya tashi masa daga ƙarƙashin sitiyari yana tsakiyar hanya da iyalinsa. Kuɗin buhunan masara ya tafi ke nan.

Ku ɗalibai, wannan magana ta shafe ku. Idan baba ko kawu ya sayo irin waɗannan kaya, ku yakan miƙa wa kwalin ya ce, "Kai da ka yi boko, karanta mini." Ilimin da ake bukata kuwa bai wuce abin da kuka koya a darasin Fiziks ba, wato bolt da amfiya da om da wat. Wanda ya riƙe waɗannan huɗun, ba a cika yi masa wayo a kanti ba.

Kayan sauti kamar shanun huɗa suke. Idan ka haɗa bijimi da maraƙi a karkiya ɗaya, kunyar ba za ta miƙe ba, kome ƙarfin bijimin. Haka rediyo da lasifika da amfilifaya da wutar motar, tilas su dace da juna. Mafi yawan hasarar da ake yi ba daga rashin kuɗi take fitowa ba, daga sayen abu ɗaya babba ne a haɗa shi da sauran da ba su kai shi ba.

Tambaya ta fari ita ce, me kake saurare? Mutumin da abin da ya dame shi labarai ne da shirin noma da sanarwa, bukatarsa murya ta fito tas. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sautin da ke girgiza iska daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan guda, amma maganar mutum tana tsakiya ne, ba ta gangarawa can ƙasa inda ƙarar babbar ganga take. Saboda haka wannan mutum ba shi da aikin yi da wufa. Rediyo mai kyau da lasifika biyu nagari a gaba sun ishe shi. Mai son kiɗa shi ne zai yi tunanin ƙari, shi ma a bi da bi.

REDIYON KANSA

Kamfanin 'yan'uwa Galvin a Amurka ya fito da rediyon mota mai suna Motorola a 1930, Blaupunkt ta Jamus ta biyo baya a 1932. Kamfanin Philips ya ƙirƙiro kaset a 1963, kuma da kaset ɗin nan ne iyayenmu suka san sautin mota, a cikin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Shi ya sa har yanzu dattawa ke kiran abin "tef", ko da babu wurin sa kaset a jikinsa.

Abu na farko da za a duba shi ne girman ramin da ke dashbod. Akwai ma'auni da Jamusawa suka fito da shi, duniya ta karɓa a 1984, ana kiransa DIN. Rami mai DIN ɗaya faɗinsa santimita 18 ne, tsayinsa 5. Mai DIN biyu faɗin ɗaya ne, tsayin ya ninka zuwa 10. Golf 3 da ke cika tashoshinmu DIN ɗaya gare ta. A auna da rula tun a gida, a auna har da zurfin ramin, domin kada a kai ga yanka dashbod da wuƙa, abin da ke zubar da darajar mota ranar sayarwa.

Na biyu, wane zango yake kamawa? Wannan shi ne abin da mutane suka fi mantawa, alhali a yankinmu ya fi kome. Tashoshin FM na Nijeriya suna tsakanin megahaz 87.5 da 108. Rediyon da aka ƙera domin cikin gida na Japan, musamman tsofaffi da ake kwancewa daga motoci a kawo a sayar, daga 76 yake farawa ya tsaya a 90. Duk tashar da ke sama da haka, kamar Freedom Radio ta Kano da ta fara aiki a 2003 a kan 99.5, ko Companion FM ta Katsina a kan 104.5, ba zai taɓa kama ta ba. Rediyon motar da ta fito daga Amurka kuma nasa aibin daban ne. A FM yana taka lambobi masu ƙarewa da mara ne kawai, 88.1, 88.3, 88.5, haka har sama, ya tsallake na tsakani. A matsakaicin zango kuwa yana tsalle goma-goma, alhali tsarin Afirka da Turai tara-tara ne. Alal misali, an daɗe da sanin Rediyon Tarayya Kaduna a kan kilohaz 594. Rediyon Amurka zai tsaya a 590 ko 600, ya ba ka murya a shaƙe. Waɗansu samfura suna da wurin da ake canza wannan taku a cikin saitinsu, sai a tambayi mai kanti ya nuna.

Gajeren zango, wanda da shi iyayenmu suka san Sashen Hausa na BBC tun 1957 da na Muryar Jamus tun 1963, ba kowane rediyon mota ke da shi ba. Akan same shi a waɗansu samfuran da aka yi domin kasuwannin Afirka da Gabas ta Tsakiya, za a ga an rubuta SW a jiki. Mai yawan shiga ƙauyuka ya nemi irin wannan, domin FM ba ta tafiya nesa. Tsakanin Funtua da birnin Katsina kusan kilomita 200 ne, kuma a waɗannan shekaru da rashin tsaro ya taɓa hanyoyin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, jin labari a kan lokaci ba abin nishaɗi ba ne kawai.

Saboda nisan nan, eriya tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ga lissafi mai daɗi ga 'yan ajin kimiyya. Igiyar rediyo tana gudun mita miliyan 300 a sakan. Raba wannan da miliyan 100, wato tsakiyar zangon FM, ka sami mita 3. Rubu'in mita 3 shi ne santimita 75, kuma kusan wannan ne tsawon sandar eriyar tsofaffin motoci. Ba ado ba ne, lissafi ne. Wanda ya karya ta ya sa guntun ƙarfe, kada ya zargi rediyo. Motocin da eriyarsu ke cikin gilashi kuma, galibi tana da ɗan amfilifayarta da ke bukatar wuta ta shuɗiyar wayar da ke bayan rediyo. Idan mai riwaya ya bar wayar nan a sake, sabon rediyo zai kama tasha ƙasa da tsohon.

Batun faifan CD, ra'ayina shi ne a bar shi. Ƙurar hunturu tana rufe idon da ke karanta faifan, gargadar hanyar gona kuma tana sa shi tsalle. Rediyon da ba shi da wani abu mai juyawa a ciki, mai karɓar memori da filas da Bluetooth, ya fi arha, ya fi ƙarko, bai kuma da zurfi. Bluetooth yana da wani amfanin, gama riƙe waya a kunne ana tuƙi laifi ne da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ke kama mutum a kansa. Manyan allunan Android da samari ke so kuwa, masu arha daga cikinsu ba sa jimre zafin bazara, domin dashbod ɗin motar da aka ajiye a rana yakan wuce digiri 70. Ga kuma jarabar kallon fim ana tuƙi. Idan kana da niyyar ƙara amfilifaya nan gaba, duba bayan rediyon ka tabbatar akwai ramukan nan masu launin ja da fari da ake ɗaukar sauti daga gare su.

LAMBAR DA KE KAN KWALI

Yanzu mun zo kan wat, inda yawancin ruɗin yake. Kusan kowane rediyo an rubuta masa "50W x 4", wato wat 50 ga kowace lasifika huɗu. Bari mu gwada shi da alli. Idan inji yana aiki, wutar mota takan kai bolt 14.4. Bayan ɗan abin da ya ɓace a ciki, ƙololuwar abin da rediyon zai iya turawa ga lasifika wajen bolt 13 ne. Amma sauti igiya ce mai hawa da sauka, ba ta zama a ƙololuwa. Domin a sami ƙarfinta na haƙiƙa sai a raba da 1.41, a sami wajen bolt 9. Ƙa'idar kuwa kun san ta: bolt sau bolt, a raba da om. Tara sau tara 81, a raba da om 4, amsa wat 20 da ɗan ɗoriya. To, wannan shi ne ƙarfin gaskiya na kusan kowane rediyon mota, ko Pioneer ne ko Kenwood ko Sony ko JVC. Hamsin ɗin nan ƙarfin ƙiftawar ido ne.

Ƙarfin gaskiya shi ne wanda aka rubuta RMS a gefensa, yawanci da ƙananan baƙaƙe a bayan kwali ko cikin takardar bayani. Wanda aka rubuta da manyan baƙaƙe masu launi, da MAX ko PMPO, na jawo mai saye ne. Kwalin da ka juya ko'ina ba ka ga RMS ba, ajiye shi.

Ga wata dabara da ba ta bukatar kome sai ido. Galibi amfilifaya tana da fiyus a jikinta, da lambarsa a rubuce. A ce an rubuta wa amfilifaya wat 3000, amma fiyus ɗinta amfiya 20 ne. Ashirin sau bolt 14 ya ba da wat 280. Iyakar wutar da za ta iya sha ke nan kafin fiyus ya tsinke, kuma ba duka ke zama sauti ba. Tsohon samfuri da ake kira AB yakan mai da kusan rabi zuwa kashi biyu cikin uku ne kawai, sauran ya tafi a zafi. Samfurin D ya fi tattali, yakan kai kashi 80 cikin 100. Ashe mai dubu ukun nan ba ta wuce wat 150 zuwa 220 ba. Mai kanti zai iya yi maka daɗin baki, amma fiyus ba ya ƙarya.

Sa'an nan ko da wat ɗin na gaskiya ne, kunne ba ya lissafi irin na kasuwa. Idan ka ninka wat sau biyu, ƙarar za ta ƙaru da desibel 3 ne kacal, abin da kunne zai ji kamar an ɗan murɗa kaɗan. Kafin mutum ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara wajen desibel 10, wato wat ya ninka sau goma. Saboda haka bambanci tsakanin wat 60 da wat 75 bai cancanci ko mudun masara ba.

LASIFIKA

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, sa shi a nan. Lasifikar da ta zo da motar Kwatano ta riga ta yi shekara ashirin ko fiye, takardarta ta bushe, soson da ke kewaye da bakinta ya ruɓe. Ko ka kawo rediyon da ya fi kowane tsada, ta bakin wannan tsohuwa zai yi magana.

Girma dai a bi ramin da ke ƙofa ko dashbod: inci 4, ko 5 da rubu'i, ko 6 da rabi, ko kuma mai siffar ƙwai da ake kira 6 x 9 a baya. A duba zurfi, kada maganaɗisun ya tokare gilashi idan an sauke shi. Ga yanayinmu, a zaɓi wadda fuskarta ta roba ce mai tauri, bakinta kuma baƙar roba mai laushi, ba takarda da soso ba. Kudancin Katsina ya fi arewacinta ruwan sama, kuma a watan Agusta ruwa yana bin gilashi ya sauka cikin ƙofa. Takarda ta jiƙa ta bushe, ta jiƙa ta bushe, sai ta yage.

Akwai lamba guda a kwalin lasifika da ta fi wat amfani, ita ce mai nuna yawan ƙarar da take bayarwa idan an ba ta wat ɗaya. Za a ga an rubuta 87 dB ko 90 dB ko 92 dB. Tun da desibel 3 daidai yake da ninkin wat, mai 90 za ta ba da ƙarar da mai 87 ke bayarwa da rabin wutar. Wanda zai dogara ga wat 20 na rediyo, ba amfilifaya, ya nemi mai 90 ko sama. Lasifikar da ke da RMS wat 30 zuwa 50 ta dace da shi sarai. Babbar nan mai nauyi da aka yi domin wat 150, rediyo ba zai iya motsa ta yadda ya kamata ba.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wadda aka dasa ɗan tuwita, wato ƙaramar lasifika mai fitar da siririn sauti, a tsakiyarta. Wannan ta fi sauƙin ɗaurawa. Akwai kuma wadda tuwitan yake dabam, a kafa shi sama kusa da madubi, da ɗan akwatin da ke raba sauti tsakaninsu. Ta biyun ta fi daɗi, domin siririn sauti miƙe yake tafiya, idan yana ƙasan ƙofa a ƙafarka yake ƙarewa.

Wata al'ada da nake so a bari ita ce ta zuba manyan lasifiku a baya, gaba kuwa babu kome. Direba yana ta ƙara murya domin ya ji, fasinjojin baya, har da tsofaffi da jarirai, kansu na sarawa tun daga Malumfashi har Funtua. Kunnen mutum gaba yake fuskanta. A fara gyara na gaba. Kuma kada a ajiye lasifika tsirara a kan katakon baya. Idan fuskarta ta tura iska gaba, bayanta yana ja, in babu abin da ya raba su sai su cinye juna, kaurin sautin ya ɓace. Gwada a gida: kunna lasifika a hannunka, sa'an nan ka huda kwali daidai bakinta ka ɗora ta, ka ji bambanci.

Om kuma fa? Lasifikar mota om 4 ce, rediyon ma domin haka aka yi shi. Idan aka haɗa biyu a kan waya ɗaya, baki da baki, kun san lissafin: om 4 da om 4 a jere kafaɗa da kafaɗa sun zama om 2. Wutar da za a ja ta ninka, rediyon ya yi zafi, wata rana ya mutu. Wannan ne ajalin rediyon motocin haya da yawa. Lasifikar gida kuma galibi om 6 ko 8 ce, ba za ta ƙona kome ba, amma ƙararta za ta ragu. Haka nan a kula da bakin tarawa da na ɗebewa. Idan aka juya na lasifika ɗaya, tana turawa 'yar'uwarta na ja. Ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5 ya isa gwaji: taɓa wayoyin da shi na ɗan lokaci, in fuskar ta yo waje, wayar da ke kan batirin ita ce ta tarawa.

AMFILIFAYA, WUFA DA BATIR

Mai son ƙari bayan wannan, sai ya fara da buɗe bonet, ba da zuwa kanti ba. Lafiyayyen batir da ya kwana yakan nuna bolt 12.6 a mita, idan inji ya tashi ya nuna tsakanin 13.8 da 14.4. In bai kai haka ba, kuɗin amfilifaya na batir ne ko na gyaran altaneta. Altanetar ƙananan motoci irin namu yawanci amfiya 60 zuwa 90 take bayarwa, kuma fitila da fanka da famfon mai da iyakwandishan sun riga sun ci kasonsu. Amfilifaya samfurin AB mai wat 300 na gaskiya tana iya jan kusan amfiya 40 idan an ƙure ta. A ganina, ga motar gida, mai wat 50 zuwa 75 ga kowace lasifika ta wadatar, RMS ɗinta kuma ya yi kusa da na lasifikun.

Mutane suna zaton babbar amfilifaya ce kawai ke fasa lasifika. Ƙarama da aka matsa wa fiye da ƙarfinta ita ma tana yi. Idan ta kai iyaka sai ta riƙa yanke kan igiyar sautin, murya ta yi kaushi, zafi ya taru a siririyar wayar da ke cikin lasifika, tuwita ya fara mutuwa. Da ka ji kaushin nan, rage. Ɗan maɓallin da ke jikin amfilifaya mai suna GAIN ba na ƙara murya ba ne, na daidaita ta da rediyo ne, ba a murɗa shi har ƙarshe.

Wufa kuwa, mai inci 10 ko 12 a cikin akwatin katako mai kauri da ba ya yoyon iska, aikinta sautin da ke ƙasa da girgiza 80 ko 100 ne kawai. Kafin ka saya, tuna cewa but ɗin motar manomi wurin buhun taki ne da jarkar feshi. In ka saya, a ɗaure akwatin da kusoshi, domin akwati mai nauyi da ke yawo a bayan mota mai buɗaɗɗen baya makami ne ranar da aka taka birki da ƙarfi.

Masu zuwa gona su kashe inji su bar kiɗa domin 'yan ƙwadago su ma su yi lissafi. Batir mai amfiya 60 na awa guda bai kamata a sha fiye da rabinsa ba, wato 30. Idan kayan sautin na jan amfiya 10, awa uku ke nan. Bayan haka sai turi, kuma batirin tada mota da aka saba zuƙe shi ƙarƙaf ba ya daɗewa. Manyan motocin dakon hatsi kuma galibi bolt 24 suke aiki da shi. Rediyon bolt 12 zai ƙone nan take, ɗaukar wuta daga batir ɗaya cikin biyun kuma yana kashe batiran. Akwai ɗan akwatin da ke sauke 24 zuwa 12, shi ne daidai.

WAYA DA FIYUS

Wannan sashe ne mafi arha, shi ne kuma ke ƙona mota. Wayar da ta taso daga batir zuwa amfilifaya a but tana ɗauke da wuta dare da rana. Idan ƙarfe ya goge rigarta a kan gargada, batir zai zubo ɗaruruwan amfiya ta cikinta, ta yi ja ta kama kafet. Maganinsa fiyus ne a bakin batir, tsakaninsu kada ya wuce santimita 45. Fiyus ɗin da ke jikin amfilifaya kanta yake tsaro, ba wayar ba. Inda wayar ta ratsa ƙarfen da ke tsakanin inji da ɗaki, a sa mata zoben roba. Kuma fiyus da ya tsinke faɗakarwa ce. Wanda ya naɗa masa siririyar waya ko takardar sigari ya kashe mai gadi ne.

Kauri ma a duba. Waya mai lamba 8 tana ɗaukar wajen amfiya 40 zuwa 50, mai lamba 4 ta fi ta kauri, domin a wannan ma'auni ƙaramar lamba ita ce babbar waya. Araha ba ta ado: akwai wayar da rigarta ce mai kauri, cikinta ɗan tsurut, akwai kuma ta alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Kankare bakin da wuƙa, in ka ga fari a ciki alminiyam ce, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka take ɗauka. Wayar ƙasa, wato baƙa, ta zama gajeriya, kaurinta ɗaya da ta wuta, a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota bayan an kankare fenti. Wayar sauti ta bi wani gefen motar dabam da ta wuta, in ba haka ba za ka riƙa jin wani fito yana hawa da sauka tare da totur.

A bayan rediyo, rawayar waya ta batir ce kai tsaye domin ya riƙe tashoshinsa, ja kuwa ta makulli ce. Mai gaggawa yakan murɗe su tare ya sa a batir, rediyon ya kwana yana shan wuta. A motocin Volkswagen da Opel da yawa, matsayin waɗannan biyun a soket juye yake, shi ya sa za ka ga rediyon Golf yana manta tashoshi duk sa'ad da aka kashe mota. Musanya su kawai ake yi. A nemi soket da ya dace maimakon yanke wayoyin mota, in kuwa dole a haɗa, a yi da dalma, ba murɗi da salatif ba, gama zafi yana sakin salatif.

A KASUWA

Ko a nan Funtua ka saya, ko Sabon Garin Zariya, ko Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, gani ya kori ji. Tafi da memorinka mai waƙar da ka sani da kuma magana zalla, a haɗa a kan batir ka saurara. Duk sunan da ya yi fice akan yi jabunsa, don haka a duba tsabtar rubutu, a gwada lambar da ke jiki da ta kan kwali. A lasifika, ɗaga rigar robar da ke kan maganaɗisu, domin wani lokaci rigar ce babba. Ta hannu kuma, danna fuskarta a hankali da yatsu a kewaye. In ka ji tana gurza, ko ta yi ƙaurin ƙuna, bar ta. A mita, mai om 4 takan nuna uku da wani abu. Rediyon da aka kwance daga motar Turai yakan nemi lambar sirri bayan an cire masa wuta, kada ka biya sai an ba ka ita ta yi aiki a gabanka. Karɓi rasit, a rubuta kwanakin garanti a kai.

Saura kunne, wanda ba a sayar da shi a kowace kasuwa. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa iyakar desibel 85 na awa 8 a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100, wanda mota mai wufa ke kaiwa cikin sauƙi, minti 15 ne kawai. Direban haya kuwa yini yake a ciki. Ma'aunin da kowa ke da shi shi ne, in sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa. Ban da haka, a kan hanyar Bakori da kaka akwai babura da amalanke da shanu da yara, akwai hon ɗin tirela daga baya, akwai kukan taya ko na boris da ke gaya wa direba ya tsaya. Duk da kunne ake jin su.

Ranar da aka gama ɗaurawa, kada ka biya mai riwaya duka sai ka yi gwaji uku. Da dare, ka tada inji, ka kunna fitila, ka ƙara murya: in fitilar tana lumshewa tare da bugun ganga, wutar ba ta isa ba. Bayan rabin awa ana kiɗa, ka taɓa wayar wuta da gidan fiyus, bai kamata su yi zafi ba. Sa'an nan ka zare makulli ka duba ko rediyon da amfilifayar sun mutu tare, ka bar motar ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, ka ga ko za ta tashi bugu ɗaya.